Zanen Goyonki da Na Raba Biyu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki yana cikin haske da yalwa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma wannan labari naki ne, ko da wasu za su riga ki karantawa.

Inna, kin yi jikoki. Biyu ne, mata, Hassana da Usaina. Sun zo cikin bai cika wata bakwai ba. Ina tsince shinkafa a tsakar gidanmu na Jibiya ciwo ya taso, surukinki ya sauke fasinjojin Maraɗi da ya riga ya loda a tasha, ya kawo ni babban asibiti a Katsina. Tiyata aka yi min. Kafin in farfaɗo an wuce da su ɗakin bakwaini, an sa kowacce a kwalbarta.

Kin sha yi min faɗa a kan littattafan soyayya. "Ke, ajiye takardar nan, miya na ƙonewa." To, a duk waɗanda na karanta, da matar ta haihu, shafi na gaba suna ne: leshi, turaren wuta, jaririya mai kumatu. Babu marubuciyar da ta gaya min akwai jaririyar da tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba, ko cewa uwa za ta tatsi nono a kofi a ɗura wa 'yarta ta siririyar roba a hanci.

An raɗa musu suna a Jibiya, ba su nan, ba ni nan. Arba'in ma a asibiti ta same ni. Ƙanwarki Gwaggo Hajo ce ta baro Daddara ta zauna da ni, kullum da kunun kanwarta a filas, kullum da faɗan ban sha da yawa ba.

Hassana ta kama jiki da wuri. Usaina ce ta tsaya. Da an fito da ita daga kwalba sai jikinta ya yi sanyi, nauyinta ba ya gaba, wani lokaci har ta manta da numfashi sai an sosa mata tafin ƙafa. Ran nan babbar nas ta zaunar da ni ta ce kwalba ta yi iya nata, saura nawa. In buɗe ƙirji in kwantar da ita fata da fata, in ɗaure ta da zane, in riƙa kiran sunanta tana jin muryata. Ta ce in ɗumin jikinta bai zauna ba, babu maganar gida.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ɗiyan fari ne fa. Ki rungume su gaban mutane kina faɗin sunansu? Uwarki har ta koma ga Allah ba ta kira sunanki ba."

Gaskiya ta faɗa, Inna. Ni ce ta farinki, kuma "ke" nake a bakinki, ko "yarinyar nan", in kina cikin raha "mai littafi". Ina ƙarama abin yana ci min rai. Har nakan ce a raina, in da a littafi ne, a shafin ƙarshe za a gano ba ke kika haife ni ba.

Amma da Gwaggo ta yi maganar, wata rana ce ta faɗo min. Shekarar da na yi ƙyanda, da hantsi, duk gida an tafi gona. Kika sauke asabari, kika ɗora ni a ƙirjinki, kika ɗaure mu tare da zanen saƙin nan naki mai shuɗi. Ina jin bugun zuciyarki a kunnena har zazzaɓin ya sauka. Da kika ji sallama a zaure kika sauke ni da sauri, kika ɗauki faifai kamar tun ɗazu tankaɗe kike. Ashe tun ranar kin koya min aikin. Bambancin kawai, a ɗakin nan babu asabarin da zan sauke.

Na aika aka ɗauko min zanen daga ƙasan akwatina. Sai ga wata matsala: Hassana ma tana buƙatar nata ɗumin, ɗinkin cikina kuma bai bar ni in daɗe da su biyu ba. Sai surukinki ya fara ɓalle maɓallan rigarsa. Ni kuma na ari almakashin nas na raba zanen biyu. Gwaggo ta fita baranda, ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Yanzu direbobin tasha "Mai Goyo" suke ce masa. Ya ce har ma'aikatan iyaka sun ji, in ya tsaya a shinge sai wani ya leƙo ya ce, "Direba, ina ka baro ɗiyar?" Shi kuwa sai ya ce, "Ku dai tambaye ni nauyinta." Na karanta jarumai masu kyautar mota da sarƙar gwal, Inna. Ban taɓa cin karo da wanda ya zauna a kujerar roba da jaririya a ƙirji, ƙafarsa ta sage ya ƙi motsawa ba.

Ba a tafi sumul ba. Akwai makon da zazzaɓi ya kama Usaina aka mayar mata da robar iska, na yini ina kallonta ta gilashi, hannuna ɗaya a ciki. Da aka ba ni ita na sake ɗaurawa. Ina karanta mata littattafaina a hankali, ina tsallake wuraren da bai kamata nas su ji ba. Sunanta kuwa da farko nauyi yake min a baki. Yanzu ina kiransa ko wa ke ɗakin.

Ranar Juma'ar da ta wuce Usaina ta kama nono da kanta. An cire robar hanci. Jikinta ya daina sanyi, kuma likita ya ce in ta riƙe haka, mu fara haɗa kayanmu. Na san za ta riƙe, da yardar Allah. Ni nake jin ƙarfin yatsunta a fatata.

Jiya na je alwala na bar ta a gado. Da na dawo na tarar da gadon wayam, sai ga Gwaggo a lungu ta juya baya, ta lulluɓa da mayafi, Usaina ɗaure a ƙirjinta da rabin zanenki. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ba yadda kike yi ake ƙulla shi ba, zo ki ga yadda uwarki ke yi. Kuma kada in ji wannan zance a Daddara."

Ashe ita ma ta san abin da kike yi a bayan asabari.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya rufe ki da rahama kamar yadda kika rufe ni da zanen nan. Ya raya Hassana da Usaina, Ya ba sauran uwayen ɗakin nan irin abin da Ya ba ni, Ya mai da mu Jibiya lafiya. Amin.

Taki ta fari, mai littafi,
Rumaisa'u