Buhun Ƙaguwa a Motar Corinne

Litinin, 3 ga Yuni

'Ya'yan marigayi Thurlow sun sa kwatar jiragen ruwa a kasuwa. Wani attajiri daga Boston yana son kafa gidan shan iska a kanta. In ya saya, 'yata Jolene ba ta da inda za ta ɗaure jirginta, ni kuma teburin da nake ɓare ƙaguwa sai dai in ɗauke shi a ka. Duk gaɓar nan ita kaɗai ta rage da masunci zai sauke kaya bai roƙi kowa ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Wata ta zo, Corinne, daga Gidauniyar Tsibiran Gabas. Takalmin roba sabo fil, bai taɓa jin ƙarnin kifi ba. Wai za su sayi kwatar su bar wa masunta har abada. Abin da suke so kawai, tsohon ɗakin gishiri ya zama ajin yara da wurin masu zane, kuma kowane gida ya kawo gora ɗaya, irin wanda muke sa wa tarko alama a saman ruwa, a rataye a bango.

Na ce, "Madam, ke me za ki ci a ciki?" Ta ce ba komai. Tun ina budurwa nake saye da sayarwa, ban taɓa ganin "ba komai" da bai fito da haƙora daga baya ba.

Ta sayi naman ƙaguwa, ko tayawa ba ta yi ba. Wannan ma abin lura ne.

Asabar, 15 ga Yuni

Ashe su Corinne ne masu gadin tsuntsaye a tsibirin can. Yau tsuntsu, gobe su ce igiyar tarko tana hana kifi barci. Na faɗa wa Jolene, ta ce, "Mama, ke ko mala'ika ya kawo miki kyauta sai kin ɗora a sikeli." To, sikeli dai bai taɓa cin amanata ba.

Ta tambayi goran babanta, wai za ta kai musu. Rawaya mai baƙin zobe. Tun da mijina Lendall ya rasu yana rataye bayan ƙofar ɗakina. Ba zan bayar baƙi su riƙa ɗaukarsa hoto ba.

Laraba, 19 ga Yuni

An yi taro a zauren coci. Corinne ta yi bayani har muryarta ta dushe, ta ce akwai mai magana? Tsit. Tsoho Ossie, babban masunta, yana kallon rufi. Can ya sa hularsa ya fita, sauran suka bi shi.

Mu dai mun san fassarar. Da ba su so, da kujeru sun tashi sama. Ni kaɗai na yi ta jefa mata tambaya: wa zai riƙe mabuɗi, in gidauniyar ta mutu fa, in an canza ki fa? Ta amsa duka, ban samu inda zan kama ta ba. Haushi.

Na ga fuskarta ta faɗi lokacin da suke fita. Ba ruwana.

Juma'a, 21 ga Yuni

Ossie ya zo teburina yana murmushi kamar ya yi abin kirki. Sun saka wa Corinne buhun ƙaguwa masu rai a kujerar bayan motarta, babu suna, babu sallama, yadda aka yi wa likita da sabon fasto maraba.

"Ka ɗaure bakin buhun, tsohon banza?"

"Na ɗaure, uwar surutu." Ya ɗan sosa ƙeya. "Ina jin na ɗaure."

Litinin, 24 ga Yuni

Corinne ba ta zo ba.

Talata, 25 ga Yuni

Labari ya iso ta bakin matar gidan waya. Buhun ya buɗe a kan hanya. Ƙaguwa har ƙarƙashin birki, ɗaya ta kama mata yatsa. Ta haɗa da shirun taro, ta gaya wa manyanta garin nan yana yi mata kashedi. Ranar Alhamis za su zauna su janye daga sayen kwata.

Da rana kuma ga mutanen ɗan Boston suna awo a kan kwata. Ɗayansu ya ce in ɗan matsar da teburina. A wurina!

Na ce wa Ossie ya je ya yi bayani. Ya ce, "In je in ce me? Ai na riga na faɗa da ƙaguwa." Jolene tana ta gyaran tarko ɗaya da ba abin da ya same shi.

Na juya abin ta kowane gefe ko dabarar ciniki ce. Amma ba mai sa ƙaguwa ta cije shi don ciniki.

Laraba, 26 ga Yuni

Na shiga mota na je ofishin su Corinne. Ba don ita ba, don jirgin Jolene.

Yatsa a naɗe da bandeji. Ta ce, "Anti Wilda, in ba ku so ai sai ku faɗa, ba sai an tsorata ni ba."

Na ce, "Yarinya, wanda muke ƙi igiyar tarkonsa muke yankewa. Ba ma ba shi abin da za mu kai kasuwa. Zaɓa aka yi miki, manya masu cika. Ina suke?"

Wai ta mayar da su teku. Saura kaɗan in tashi in tafi.

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce manyanta ba za su yarda da labarin buhu ba, sai sun ga abin da za su riƙe a hannu, ga bangon nan har yau ko gora ɗaya babu.

Goran Lendall yana cikin jakata. Ban san lokacin da na saka shi ba. Na ajiye mata a tebur, na ce aro ne, kuma in fentin ya goge ni da ita ne.

Lahadi, 7 ga Yuli

An sa hannu, kwata ta tsira. Da maza suka ga na Lendall a bango, kowa ya lallaɓo da nasa, ba wanda ya kalli wani. Corinne ta rataye na Lendall a juye, na gyara.

Yara suna ta tambaya na wane ne mai baƙin zobe. Sai in faɗa musu, tunda dole wani ya faɗa daidai. Na dawo da teburina bakin ƙofar ɗakin gishirin. Don sa ido ne. Mutanen nan har yanzu ban gama da su ba.

Corinne ta sayi ƙaguwa yau, har ta taya, tayin da ko yaro ba zai yi ba. Jolene ta ce ta ga na yi mata gyara.

Sikeli ne ya zame.