Kaset Ɗin Uwar Yara

Litinin, 3 ga Maris
Yau na so in tuna muryar Uwar Yara, na kasa. Fuska kam tana nan, hotuna sun cika bango. Amma muryar da ta yi shekara da shekaru tana tashina, na laluba cikin kaina na ji wayam. Ko shekara ba ta cika da rasuwa ba.
Na sauko da akwatin da ke saman kabad, na fito da tsohuwar kyamarar nan mai ƙaramin kaset. Ranar da Auta ta gama jami'a ke ciki. Ni na ɗauka da hannuna. Na zaunar da Uwar Yara bakin taga, ta yi wa jikoki tatsuniya tun daga farko har ƙarshe. Ba mu taɓa kallo ba, kullum sai an sami lokaci. Ga lokacin ya samu, allon kyamarar ya mutu baƙi ƙirin, 'yar lasifikarta ma ta bi shi. Sai dai a juye a kwamfuta.

Laraba, 5 ga Maris
Auta ta zo da kwamfutarta da kwanon abinci. Ta soka kebul, muka jira. Kwamfuta ta yi wata 'yar ƙara kamar ta amsa sallama, sannan ta nuno hotuna marasa motsi: babban yatsana, da rabin tukunyar fure. Bidiyo babu. Auta ta buɗe kwanon jiya ta tarar da shi yadda ta kawo shi. "Baba, iska kake ci ne?" Na ce azumin tsufa nake yi. Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na soka, na zare, na hura ramin, na sake sokawa. Shiru.

Asabar, 8 ga Maris
Surukina ya zo, mutumin da ya san komai. Ya nannaɗe hannun riga, ya sauke wasu manhajoji, ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Da gumi ya keto masa sai ya ce, "Baba, wannan ai kayan tarihi ne." Na ce har da mai ita.
Kakata ta juye mini tatsuniyoyi cikin kaina ba kebul ba caja, ga su nan har gobe. To me ya sa muryar matata ce kawai ta zube?

Talata, 11 ga Maris
Na kai wa mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin bene kusa da mai ɗinki. Wuri ne da gawar rediyo ke kwance kan gawar talabijin, warin dalma ko'ina. Ya juya kyamarar, ya ɗaga wani ɗan murfin roba da ban taɓa lura da shi ba. Ashe ramuka biyu ne. Wanda muke ta sokawa na hotunan da ke kan ɗan katin ajiya ne. Na kaset daban, kebul ɗinsa daban, kuma kwamfutocin zamani an daina yi musu bakin da zai karɓe shi.
"Baba, ƙofar baya kuke ta bugawa, mutanen gidan suna gaba."
Ya ce zai nemo tsohuwar kwamfuta. Ya kuma gargaɗe ni in daina mayar da kaset baya ina sake kunnawa, kowane juyi cin sa yake yi. Ban gaya masa juyi nawa ya riga ya sha a hannuna ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Bai samu ba. Ban fita ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Na gwada kwaikwayon yadda take kirana daga kicin. Muryar wani tsoho na ji a ɗaki. Na yi shiru don kunya, alhali ba kowa.

Laraba, 19 ga Maris
An sami kwamfutar, ƙatuwa, mai nishi kamar ni. An sami kebul. Ta gane kyamara, ta manta, ta sake ganewa. Da hoto ya zo, sai ya zo gunduwa-gunduwa, layi-layi, sauti kuma kamar ana soya tsakuwa. Mai gyara ya tsayar nan take, ya ce bakin da ke karanta kaset ya yi datti, idan muka matsa zai tauna zaren. Zai goge a hankali, in dawo.
Na tambaye shi ko akwai tabbas. Ya ce, "Tabbas ba na sayar da shi a nan, Baba." Yaron kirki. Da ma ƙarya ya yi mini.

Asabar, 22 ga Maris
Ya juyu.
Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ba a juye shi farat ɗaya, sai kaset ya yi tafiyarsa kwamfuta na ɗauka, don haka muka zauna, ni da Auta a kan benci, mai gyara a tsaye. Hoto ya fito tas. Daɓen falonmu. Ƙafar kujera. Takalmina. Daɓe kuma, yana lilo. Na ce a jira, taga na zuwa. Sai aka ji muryata ina cewa, "To, kowa ya natsu, zan fara ɗauka." Ƙit, hoto ya yanke. Da ya dawo, jikoki na tafi, ni kuma ina cewa, "Madalla, na kashe." Daɓe.
Mai gyara ya sosa ƙeya. Ya ce jan maɓallin ɗaya ne, shi ke kunnawa shi ke kashewa. Tun a ƙofa yatsana ya taɓa shi ban sani ba. Daga nan duk inda na ce na kunna, kashewa na yi. Duk inda na saki hannu kyamara na reto a cinyata, a nan ne take ɗauka.
Yini guda na yi ina bin mutane da kyamara a kashe, ina ce musu su gyara zama.
Tatsuniyar babu. Fuskarta babu ko sau ɗaya. Na miƙe kafin kaset ya ƙare, na ce iska zan sha.

Lahadi, 23 ga Maris
Na mayar da kyamarar cikin akwati. Ban ɗaga labule ba.

Talata, 25 ga Maris
Auta ta zo, ta ajiye wayarta kan tebur. Ashe ita ta zauna har ƙarshe. Na ce ba na son ganin daɓe, ina da shi a gida. Ta danna duk da haka.
Daɓen kicin. Silifas ɗinta shuɗi, wanda na ɗinke wa igiya da zaren takalmi. Gefen zaninta. Ƙarar cokali a bakin tukunya. Sai muryar, ba ta tatsuniya ba, ta kullum, mai ɗan kaushi a ƙarshe:
"Malam, don Allah ka ajiye wannan abin ka zo ka ci abinci kafin ya huce. Tun safe kake yawo da shi kamar ɗan jarida."
Sai dariyar nan tata ta hanci.
Auta ta shige banɗaki ta daɗe. Ni ma ƙura ta shigar mini ido.

Juma'a, 28 ga Maris
Har yanzu ina jin haushin tatsuniyar. Ba za ta dawo ba, kuma ƙarshenta ya ɓace mini. Auta ta saka mini guntun nan a wayata, ta nuna mini inda ake dannawa. Maɓalli ɗaya ne shi ma, na duba shi da kyau kafin in taɓa.
Da azahar na kunna, don in tabbatar yana aiki kawai.
Auta ta zo ɗaukar kwano ta tarar da shi a wanke. Ta dube ni, na dubi taga. Gishirin ne ya yi daidai yau, ba wani abu ba.