Usur ɗin Mushe Garba

Dogon Dutsi, Lahadi da dare, shekara ta uku da samun mulkin kai

Barci ya ƙi zuwa. Yau na fara alƙalancin ƙwallo, yaranmu da na Tibiri. Usur ma Mushe Garba, mai horar da yaranmu, ya ara mini; Mushe laƙabin girma ne na Faransanci da muke kiran malamai da shi. Na soke ƙwallon da yaranmu suka ci, ya shigo fili yana faɗa. Hukuncina daidai ne, amma sai na daka masa tsawa: "Garba, fita!" Sunansa tsirara, ba Mushe, gaban ɗalibansa. Mutumin da ya koya mini karatu! Yara suka kwashe da dariya.

Bayan magariba na mayar masa da usur, ya ƙi karɓa.

"Riƙe shi, Alƙali," in ji shi. "In na busa gobe, wa zai tsaya?"

Ga usur ɗin nan bisa tabarmata. Na kasa taɓa shi.