Baba da Kwamfutocin Madam Ebele

Hayin Dogo, Samaru, Zariya.
13 ga Agusta, 2006.

Zuwa ga Yaya Muntasir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara muku rufin asiri a can Fatakwal. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kuka zai hana ni. Ka san shekararsa ashirin da shida yana koyar da buga tafireta a makarantar nan ta Sabon Gari. To, bana mai makarantar, Madam Ebele, ta kwashe tafiretocin ta zuba kwamfutoci. Baba ya ce ba komai, ai haruffan suna nan inda suke. Da jarrabawa ta matso, shi aka ba buga tambayoyi, don har gobe babu mai saurinsa. Ya wuni yana bugawa, ya gama, ya kashe na'urar daga bango, ya lulluɓe ta da ƙyalle yadda yake yi wa tafireta. Bai san ana adanawa ba. A saninsa abin da aka buga ya bugu. Washegari aka kunna a gaban ɗalibai, babu ko harafi ɗaya. Yana ta rantsuwa ya buga, su kuwa suna ƙunshe dariya.

Madam ba ta ci masa fuska ba, amma ta ce ya koya kafin a dawo hutu, in ba haka ba ta ba wani malami ajin. Sai ya ja ni gefe ya ce in kai shi kafe, shagon kwamfutocin haya, a nan Samaru, inda ɗalibansa ba za su gan shi ba. Yaya, ka san ni da gajen haƙuri. A rana ta uku ya sake damƙe maus, linzamin kwamfutar nan, kamar zai gudu, ni kuwa na ɗaga murya a gaban mutane na ce sau nawa zan nuna masa. Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya, ya ce in yi haƙuri, zai ƙara mai da hankali. Baba fa, wanda ya jera mana yatsu a kan tafireta ɗaya bayan ɗaya bai taɓa yi mana tsawa ba. Wallahi da ma marina ya yi.

Tun ranar bai sake cewa mu koma ba. Jiya Inna za ta wanke rigarsa ta ga takardar ajiye aiki a aljihu, ya sa hannu amma bai kai ba. Saura mako uku a dawo hutu. Na ba shi haƙuri, ya ce me na yi. Don Allah ka kira shi, yana jin maganarka. Ka faɗa masa ba shi ne ya kasa koyo ba, ni ce ban iya koyarwa ba.

Ka gaida Anti Ruƙayyatu da yara. Inna da Bappa, ƙanin Baba, suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Raudatu