Kaskad ɗin Yaya Bashir

Lahadi da dare, Bobiel

Ƙafafuna ciwo suke, kuma Yaya Bashir ne ya ja mana. Tun da ya dawo daga karatu a waje ba shi da zance sai gandun dajin can, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, abin da yake kira kaskad. Shekaranjiya ya nuna mana bidiyo, wai ya gano irinsa a tsallaken kogi, kuma ko yara za su iya hawa.

Na san wurin, an taɓa kai mu daga lakwal, ni da ƴan ajinmu. Na ce a hankali, "Yaya, korama ce. Sai ranar da aka yi ruwan sama take zuba."

Ya ce, "Ke ƴar siziyam, me kika sani?" Wai don ina ajin farko na sakandare. Kowa ya yi dariya.

Yau muka hau. Tanti Rabi ta sa takalmi mai tsini saboda hoto, ni kuma aka ɗora mini kular shinkafa. Awa guda muna bin bakin dutse cikin rana. Da muka isa, wurin a bushe yake ƙayau, sai wata akuya tana kallonmu.

Tanti ta ce, "Bashir, akuyar ce kaskad ɗin?"

Wai shi canjin yanayi ne. Mutum da diflom ɗinsa!

Baba ya karɓi kular ya miƙa masa. Ya ce, "Hadiza ta faɗa, ba mu ji ba. Kai za ka sauko da wannan."

Ban ɗaga kai ba, amma bayansa na bi har ƙasa don in ji yadda yake haki.