Sukarin da Na Ɗebo wa Malam

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi miki ta'aziyya. Ya haƙuri? Ya ciwon gwiwar, ya su Inna da yaran gida? Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa.

Ranar da ya rasu ina kan ruwa. Mu 'yan garin Dengfeng na nan ƙasar Sin muka fita yawon tsibirai a jirgi, muna sauka wannan muna hawa wancan. A na ƙarshe na ga yashi fari sol, kamar sukari. Nan take na cika leda, na ce zan ɗaure in aiko wa tsohon, in ce sukarin Sin ne, ya zuba a shayi, ke kuma ki ba ni labarin fuskarsa.

Muna hanyar dawowa taubashina Sale ya kira, ya ce Malam ya cika. Kaka, dariya na yi. Na ɗauka ramuwa yake, na ce masa ya sake dabara. Sai da na jiyo kukan Inna a bayansa.

Ledar tana nan ƙarƙashin gadona, na kasa zubarwa, na kasa kallo.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna, ki ce wa Sale ya yafe min. Tun ina ƙarami nake wa Malam barazanar zan ƙwace ki. Ga shi ya bar min ke, wallahi ba na so.

Jikanki,
Habu