Abin da Ya Sa Yorgelis Ba Ta Shiga Motar Ba

Barquisimeto

Zuwa ga Yayata Nereida,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Argenis, Allah ya sa sanyin Santiago bai tayar miki da tarin nan ba. Mu nan da sauƙi, sai gwiwar Mama da ke matsa mata. Duk da haka ba ta yarda kowa ya gasa wainar masarar nan, arepa, sai ita, wai tamu kamar tafin takalmi.

Yaya, na san maƙwabciyarmu Gladys ta iso ba tare da 'yarki ba, kuma na san ranki ya ɓaci. Ni na hana Yorgelis shiga motar. Ki daure ki ji yadda aka yi.

Tun da kika ce ta biyo Gladys, yarinyar nan ta daina cin abinci. Na ɗauka rigimar 'yan mata ce. Kin san ni da kiɗan nan nasu, kullum tsokanarta nake, in ce kiɗan jana'izar masu kuɗi ne, ƙaton gogen da take runguma kuwa goge ne da ya ci ya ƙoshi. Ana jibi tafiya na rufe shago na nufi wurin da suke koyo, da niyyar in janyo ta ta zo ta haɗa kaya. Na tarar sun fara, sai na zauna a baya ina huci.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Sarewa guda ce ta fara, can ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana magana shi kaɗai. Sai masu goge suka amsa mata, sai kakaki, har ɗakin ya cika. Daga nan kowa ya yi tsit aka bar Yorgelis. Muryar gogenta mai kauri ta ratsa ni, na tuna Baba yana kiranmu daga bakin ƙofa da yamma. Ni da na zo faɗa, sai ga ni ina share ido da hular aiki. Da suka tashi ta hango ni, ta ce, Kawu, ashe jana'izar ta yi daɗi?

A hanya ta faɗa min komai. Na zaci kiɗan manyan Turawan nan ne da aka rataya hotunansu a bango. Ta ce a'a, nasu ma suna yi, amma wannan wata tsohuwa ce ta tsara shi, Doña Ifigenia, wadda ta koyar da yara kiɗa a garin Carora har ƙarfinta ya ƙare. Tun tana budurwa ta rubuta shi, ba ta taɓa jin an kaɗa shi ba, ga shi ciwo ya kwantar da ita, shi ya sa suka shirya kaɗa mata shi ranar Lahadi, bayan ranar tafiyar. Masu babban goge duk sun bar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, saura Yorgelis. In ta tafi, ba mai kaɗa ɓangaren babban gogen. Ta ce tana son ganinki kamar ta mutu, amma a bar ta ta kai ranar.

Na rasa abin yi. Mama ta ce kada in shiga tsakanin uwa da 'ya. Na so in kira ki, tsoro ya hana ni, don na san za ki ce a'a, kuma da gaskiyarki. Ranar tafiya na je na ce wa Gladys ta yi gaba.

An yi wasan ranar Lahadi. A keken marasa lafiya aka kawo tsohuwar. Ta rufe ido har aka gama, sannan ta sa aka kira mata Yorgelis, ta riƙe hannunta ta ce, 'yar nan, kin yi sauri a tsakiya, amma haka na ji shi a kaina duk shekarun nan. Mama ma da ta ce rakiya kawai ta yi, sai da ta jiƙe mayafinta.

Amma Yaya, hankalina bai kwanta ba. Gladys ce kaɗai muka yarda da ita a doguwar hanyar nan, kuma ana cewa tsallaka iyakar ƙasa ya ƙara tsanani. Ban san yaushe za a sake samun wanda za a damƙa wa yarinya ba. Wataƙila na raba ki da 'yarki na wata shekara saboda yamma guda. Ina juya abin a raina, wani lokaci in ga na kyauta, wani lokaci in ga na cuce ku.

Abu ɗaya nake roƙo. Yorgelis tana kiranki kowace safiya don ta nemi albarka, wayar na ta ƙara ba kya ɗauka, sai ta ajiye ta shiga ɗaki. Fushin nawa ne, ki sauke shi a kaina. Ita dai ki ɗauka.

Mama tana sa miki albarka. Ki gaida Argenis da ƙaramin ɗanki Yeferson, ki ba Gladys haƙuri.

Ƙanenki,
Wilmer